Kalma Ɗaya a Takardar Laftanar Ishaku

Ranar Laraba ce, rana ta take tsaka, shagon kwafin takardu da ke bakin kasuwar Zuru ya cika maƙil saboda an kawo wuta. Dinah na tsaye a layi rungume da tambayoyin jarrabawar ɗalibanta, tana fifita da guda. Malamar Turanci ce a wata sakandare cikin gari, shekararta uku ke nan da fara koyarwa.

Saurayin da ke gabanta dogo ne, rigarsa duk tabon baƙin mai. Abin da ya ja hankalinta shi ne yadda ya riƙe wata tsohuwar takarda da hannu biyu, kamar mai ɗauke da ƙwai.

"A sa mini ita a leda mai ƙarfi, a manne," ya ce wa mai shagon. "Gara ta fara cin gefenta. Ta marigayi babana ce. Soja ne, shi ne ma kashiyan sojoji. So nake in rataye ta a shagona."

Ya matsa don ya ba ta wuri, idonsa ya faɗa cikin nata, ya yi murmushi har ya manta da abin da yake faɗa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, sai idonta ya sauka a kan takardar. Ta ga suna, Laftanar Ishaku. A ƙasan sunan ta ga kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: "cashiered".

Ta sake karanta kalmar.

"Malam," ta ce a hankali, "don Allah kada ka rataye ta tukuna."

"Me ya sa?"

"Ba maganar cikin mutane ba ce."

Ya dube ta da kyau. "Ke kuma wa, da kika iya Turancin sojoji?"

"Dinah. Turanci nake koyarwa."

"Ni Haggai, daga ƙauyen Manga. Injin niƙa da injin ban-ruwa nake gyarawa. Tunda kin hana ni rataya, sai ki ba ni lambarki, in san inda zan kai ƙara."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta ba shi.

Da yamma tana gyaran littattafai saƙonsa ya shigo:

"Malama Dinah, barka da yamma. Haggai ne mai baƙin mai. Na bi umarninki, takarda tana cikin akwati. Amma abu biyu sun hana ni aiki yau: me kika gani a takardar, kuma yaya aka yi ban taɓa ganinki a Zuru ba sai yau?"

Ta karanta, ta amsa:

"Na farkon zan faɗa maka ranar Lahadi bayan sujada, a gindin mangwaron makarantarmu. Na biyun kuwa ka tambayi idonka."

Washegari ta ba abokiyar aikinta Munira labari. Munira ta girgiza kai.

"Ki bar shi da abin da ya sani, Dinah. Mutum ya mutu, ɗansa na alfahari da shi, ina ruwanki?"

"Wata rana wani zai shiga shagon nan, ya karanta, ya yi masa dariya a gaban jama'a. Gara ya ji daga bakin da ba zai yi dariya ba."

Ranar Lahadi ya zo cikin farar riga, ya riga ta isa. Ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta ɗora babban ƙamus a cinyarta, amma ba ta buɗe ba.

"Haggai, ka san a Hausa akwai gari da ake zama a ciki, akwai gari na tuwo. A rubuce ɗaya suke, amma ba su haɗa dangi ba. Haka wannan take. Kashiya da ka sani, mai riƙon kuɗi, ta samo asali ne daga wata kalmar Faransanci da ke nufin akwati. Ta cikin takardar nan kuwa tushenta daban ne. Daga 'casser' ta fito, wato karyawa ko sokewa. Sojojin Ingila ne suka tsinto ta a bakin mutanen Holan, fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce, lokacin da suka je yaƙi can. A da, in hafsa ya yi babban laifi, akan tara runduna, a cire masa anininsa daga kafaɗa, a karya takobinsa a gaban kowa. Yanzu ba kasafai ake jin ta ba sai a kotun soja. Shi ya sa ko masu karatu da yawa ba su san ta ba."

Murmushinsa ya gushe. "Ki faɗa mini da Hausa."

"Korar sa aka yi, Haggai. Bayan shari'a. Aka raba shi da muƙaminsa."

Wani ɗanyen mangwaro ya faɗo a bayansu. Sannan ya miƙe.

"Shekara ashirin da rasuwarsa, ba wanda ya taɓa faɗin mugun abu a kansa. Ke kwana huɗu da sanina, kin ɗauko littafi kin zo tone masa kabari."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Mako biyu ba ta ji daga gare shi ba. Ta yi kuka, ta share, ta koma aji. Saƙo ɗaya kawai ta aika masa:

"Ba zan janye ma'anar ba, domin ba ni na ƙirƙire ta ba. Amma kalma ɗaya ba ta isa ta faɗi ko wane ne mutum ba. Ka tambayi Mama."

Ya karanta ya fi sau ashirin. A ƙarshe ya sami mahaifiyarsa Leah a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ya zauna a kan turmi, ya tambaye ta kai tsaye. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Na san ranar nan za ta zo," ta ce. "Lokacin ina da cikinka, babanka yana tsaron wani shinge can kan iyaka, shi ne babba a wurin. Na yi kwana biyu ina naƙuda, jini ya ƙi tsayawa. Wani direban babbar mota ya kai masa labari. Ya nemi izini, aka ce ya jira kwana uku, wanda zai canje shi yana hanya. Bai jira ba. Ya taho, ya ba ni jininsa, ya zauna a kaina har na buɗe ido. A bayansa 'yan fasa-ƙwauri suka afka wa shingen, suka harbi soja ɗaya a ƙafa. Shi ke nan aka yi masa shari'a."

"To maganar kashiya fa, Mama?"

"Wani malamin firamare ne ya karanta takardar a gaban mutane, ya ce ai kashiya aka ba shi kafin ya yi ritaya. Babanka bai gyara ba. Ni ma na yi shiru. Ka yafe mana."

Washegari da aka tashi makaranta Dinah ta tarar da shi a bakin ƙofa, da kwandon mangwaro ɗaure a bayan babur.

"Malamata, na zo ba da haƙuri. Kin gaya mini gaskiya, na biya ki da baƙar magana."

"Mangwaron na haƙuri ne ko na cin hanci?"

"Na sama na haƙuri ne. Na ƙasa na wata magana ce daban."

Suka zauna a bencinsu, ya ba ta labarin duka. Da ya kai kan sojan da aka harba, ya ga fuskarta ta canja.

"Wace shekara ce?"

Ya faɗa mata.

"Haggai, babana ɗingishi yake yi. A kan iyaka aka harbe shi, a wannan shekarar. Bai taɓa faɗa mana sunan hafsansu ba, sai dai ya ce ɗan ƙasarmu ne."

Suka dubi juna. Shi ne ya fara magana.

"In babanki ne sojan nan, ai sai in ƙara ɗaura ɗamara. Ko kin ce in koma?"

"Ban ce ba."

Wata biyu suka yi suna haɗuwa a gindin mangwaron nan. Kullum da safe sai ya aiko mata da wata kalma da ya gani a jikin kwalin kayan inji, ya ce a ba shi tushenta. Ita kuma ta koyi bambanta kukan injin da ya sha iska da na wanda mansa ya ƙare. Yana kiranta Ƙamusuna, tana kiransa Injiniyana.

Cikin watan Mayu kawunnansa biyu suka raka shi neman aure gidan Saje Gabriel, mahaifin Dinah, tsohon soja mai gajeriyar magana. Ya karɓe su da fara'a, aka kawo kunu. Da aka ambaci sunan Laftanar Ishaku sai ya ajiye kofinsa. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu har gwiwa, kowa ya ga tabon.

"Wannan shi ne gadon da ubanka ya bar mini," ya ce. "Mu tara ya bari a daji babu shugaba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ubansa ya bar bakin aiki, wata rana shi ma zai bar mini 'ya. Ku sha kunu ku tafi."

Da baƙi suka watse Dinah ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba zan yi aure ba tare da albarkarka ba. Ba kuma zan auri wani ba. Zan jira."

"Ki jira har furfura."

"To, Baba."

Mahaifiyarta Monica ta ja ta ɗaki. "Taurin kan nan nasa kika ɗauko. Ku biyun Allah ya shirya mini ku."

Da yamma saƙon Haggai ya zo:

"Ƙamusuna, kada ki yi kuka. Kakanninmu golmo suke yi, saurayi ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi. Yanzu an rage yi, amma ba a hana ba. Na wasa fartanyata."

Ta amsa:

"Shekara bakwai ko goma sha huɗu, za ka same ni inda ka bar ni. Amma ka riƙa sa hula, rana ba ta san soyayya ba."

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Saje Gabriel ya isa gonarsa da ke gindin dutse ya tarar da mutum tsaye da garma a kafaɗa.

"Ban kira ka ba."

"Na sani, Baba."

"Ba zan ba ka ita ba."

"Na ji, Baba. Daga wane ɓangare zan fara?"

Tsohon ya juya masa baya. Haggai ya fara daga gabas. Tun daga ranar, kullum da sassafe yana gona, sai hantsi ya dubi ludayi ya wuce shagonsa. Saje bai taɓa amsa gaisuwarsa ba.

A cikin makon ne Philip ya bayyana. Ɗan wani aminin Saje ne, yana aiki da kamfanin gine-gine a Birnin Kebbi, yana da mota, kuma ya daɗe da sa ido a kan Dinah. Da ya ji ana golmo a gonar sai ya yi dariya, ya ɗauko hayar tarakta, ya ce zai gama cikin safiya ɗaya abin da wani zai yi wata yana yi. Mutane suka taru kallo. Tarakta ta yi zagaye huɗu, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar gona. Direban ya yi ta fama, ta ƙi tashi. Ga hadari yana haɗuwa.

Haggai ya ajiye garmarsa, ya ɗauko jakar sifanoninsa daga babur.

"Ranka ya daɗe, bari in duba."

Philip ya ɗaga gira. "Kai za ka gyara mini?"

"Gonar Baba ce. In ruwa ya sauka tana nan, sai ta nutse ta ɓata ƙasa."

Datti ne ya toshe matatar mai. Cikin rabin awa tarakta ta tashi. Philip ya sa hannu a aljihu, Haggai ya girgiza kai, ya koma ɓangarensa inda duwatsu suka hana tarakta shiga. Saje Gabriel na zaune a inuwar ɗorawa, ya ga komai.

Bayan mako uku Haggai yana bakin shagonsa ya ga motar Philip ta wuce, Dinah na zaune a gaba cikin kwalliya. Ta ɗaga masa hannu, ya ɗauke kai. Kwana uku bai kira ta ba, amma bai fasa zuwa gona ko sau ɗaya ba. A rana ta huɗu ta rubuto:

"Injiniyana, ka gan ni a motar Philip ka ɗauke kai. Baba ne ya ce in raka shi gaida mahaifiyarsa. Na je, kuma a gabanta na faɗa masa cewa zuciyata tana da mai ita, don kada ya ɓata lokacinsa. Wannan karo na biyu ke nan da ka yi fushi kafin ka yi tambaya. Kada a yi na uku."

Amsarsa ba ta daɗe ba:

"Na yi laifi, Ƙamusuna. Kishi ne ya rufe mini ido, na ga mota na dubi babur ɗina. Ba za a yi na uku ba. Ina son ki fiye da yadda na iya rubutawa, sai ki gyara mini rubutun."

Damina ta yi nisa. Haggai ya yi noman fari, ya yi maimai, ya yi huɗa. Tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Wasu abokan cinikinsa suka koma wurin wani makanike saboda ba sa samun sa da safe. Kawunsa ya ce ya haƙura, mata ba su ƙare a ƙasar Zuru ba. Ya ce ya ji, washegari ya koma gona.

Wata safiya cikin Agusta ya tarar da gorar kunu a gindin ɗorawa. Bai tambayi wanda ya ajiye ba. Monica ce ta gaya wa Dinah a kicin, murya ƙasa-ƙasa: "Ubanki ne ya ce in riƙa ƙara gero. Wai kada yaron mutane ya faɗi a gonarsa a ce shi ya kashe shi."

Dawa ta nuna a watan Nuwamba, zangarniya ta yi nauyi har karan na sunkuyawa. Ranar da suka gama yanka, Saje Gabriel ya zauna a kan dami, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya kira shi da suna karo na farko.

"Haggai. Zo nan."

Ya zo ya tsuguna.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. A ce kana bakin aiki, rayukan mutane na hannunka, aka zo aka ce maka Dinah na bakin mutuwa. Me za ka yi?"

Haggai ya san ko ta ina ya bi akwai rami. Ya share gumi, ya ɗaga kai.

"Zan tafi wurinta, Baba. Ba zan yi maka ƙarya don ka ba ni ita ba. Amma ba zan tafi ba sai na tsayar da wani a madadina, na gaya wa mutanena inda za ni. In kuma wani abu ya same su a bayana, zan dawo in tsaya a gabansu. Babana ya ceci mahaifiyata, da bai zo ba da ba na nan. Hukuncin da aka yi masa kuma daidai ne, ban ce an zalunce shi ba. Abin da na fi ganin laifinsa a kai shi ne, ya yi shekara tara tsakanin Manga da Zuru bai taɓa zuwa ya dube ka ba. Kunya ce ta hana shi, amma ba hujja ba ce. Abin da bai yi ba shi na zo yi. Baba, ka yafe masa."

Tsohon ya dubi duwatsu. Sannan ya ce:

"Wata huɗu na yi a asibiti. Duk wanda ya turo ƙofa sai in ce ubanka ne. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini rubuta sunana. Abin da ya fi harsashin ciwo ke nan." Ya share ido da bayan hannu. "Da ka ce mini za ka tsaya a bakin aiki ka bar 'yata ta mutu, da yau ne zuwanka na ƙarshe. Na yafe masa. Ka turo kawunnanka ranar Asabar."

"Sauran shekara shidan fa, Baba?"

"Kai, tashi ka ba ni wuri. So kake ka kashe shagonka ka zo ka zauna mini a gida?"

Haggai ya isa bakin makaranta da ƙaiƙayin dawa a gashinsa. Dinah na ganin fuskarsa ta saki littattafan da ke hannunta, Munira ce ta tsince su tana guɗa.

An ɗaura auren a mako na biyu bayan Kirsimeti. Coci ta cika har waje, matan zumunta sun sha anko, ɗaliban Dinah suka yi waƙa, tsofaffin sojoji suka zauna a layi ɗaya da lambobinsu a ƙirji. Philip ma ya zo, ya yi wa ango hannu da zuciya ɗaya. Leah da Monica suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na kuka ɗaya na ba ta hankici, can kuma su yi musanya.

A wurin liyafa aka miƙa wa Saje Gabriel makirfo. Ya fara da C'lela, harshen mutanen Zuru, ya sa musu albarka yadda kakanni ke yi, sannan ya juya Hausa don kowa ya ji.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya cika rumbunku, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu." Aka fashe da dariya, Dinah ta rufe fuska da mayafi. Ya jira aka yi shiru, ya juya ga angon. "Kai kuma ɗana, ga umarni na ƙarshe daga tsohon saje. Duk ranar da ka ji yarinyar nan ba ta da lafiya, ko ina kake, ka ajiye abin da ke hannunka ka taho. Ka aiko mini kawai. Ni zan tsaya maka a bakin aiki."

Haggai ya miƙe tsaye, hannun amaryarsa cikin nasa.

"An gama, Baba."

Jama'a suka amsa da amin, makaɗa suka saki ganga.